Batir Mai Rawa a Jirgin Ruwa na Rimot: Ƙaramar Matsalar da Ke Iya Cinye Jirgin Gaba Ɗaya

Jirgin ruwa na wasa mai rimot ba ƙaramin gudu yake yi ba. Samfurin Spartan na kamfanin Traxxas, alal misali, yana haura kilomita 80 a awa ɗaya. A irin wannan gudu, duk lokacin da jirgin ya daki igiyar ruwa, kayan cikinsa na shan jijjiga. Abin da ya fi jin jiki shi ne mazaunin batir, domin batir na cikin kayan da suka fi nauyi a jirgin.

Alamun matsalar ba sa ɓuya. Jirgi zai fara karkata gefe guda, ko ya riƙa ɗaga hanci yana tsalle, ko ya kife a kwana. Dalili shi ne batir ne ke daidaita nauyin jirgin. A yawancin jirage masu gudu, tsakiyar nauyi na zama kusan kashi 30 cikin 100 na tsawon jirgin idan an auna daga baya. Da zarar batir ya zame, wannan daidaito ya rushe.

Kifewa ma da sauƙi. Batiran LiPo da waɗannan jirage ke amfani da su dangin na wayar salula ne, kuma ba su da wata kariya mai ƙarfi sai siririn rufi. Kowane ƙwaya na ɗaukar volt 4.2 idan ya cika. Idan batir ya yi ta gogar kan sukuru har ya huje, zai iya kumbura ya kama da wuta a tsakiyar ruwa, inda babu mai kai masa ɗauki. Masu bibiyar wayoyi ba su manta da Galaxy Note 7 ba, wadda Samsung ya janye daga kasuwa a 2016. Matsewar batir a kusurwa ɗaya na cikin dalilan da suka sa wayoyin ke kamawa da wuta.

Kuskuren da aka fi yi wajen gyara shi ne ɗura sufa gulu. Yana kamawa da sauri, amma idan ya bushe ƙaƙas yake, jijjiga kaɗan sai ya tsage. Asirin gyaran ba a yawan gam yake ba, a shirya wurin yake.

Da farko a cire batir, a bar cikin jirgin ya bushe sarai. A kankare tsohon gam, a goge wurin da sanfefa har ya yi kaushi, sannan a share da sifirit don cire maiƙo. A guji sinadarin goge farce, domin yana narkar da robar ABS da ake ƙera jirage da yawa da ita. Daga nan a yi amfani da gam mai haɗi biyu irin Araldite. Wanda ke jinkirin bushewa ya fi na minti 5 ƙarfi da jure ruwa. A danne mazaunin, a bar shi kwana guda.

Gam kaɗai bai isa ba. A liƙa Velcro, irin maɗaurin takalmin yara, a ƙasan batir don hana shi zamewa, a kuma ɗaure shi da igiyar Velcro ta sama don kada ya yi tsalle. Guntun soso a gaba da baya zai tsotse bugu. Kada a ɗaure har batir ya lotsa.

Kafin komawa ruwa, akwai gwaji mai sauƙi: a kifa jirgin a girgiza shi. Idan an ji motsi, aiki bai ƙare ba. Idan shiru, a ɗora jirgin a kan yatsu biyu a nemo inda ya daidaita, a sa alama da maka a mazaunin batir. Batirin da ya riga ya kumbura ko ya huje kuwa, babu gyaran da zai cece shi, ajiye shi ne kawai mafita.