Me ya sa manhajarka ta ce 20 da 30 sun tashi 2030?

A ce kana koyon Python a Ƙaura Namoda, sai kawunka da ke sayen hatsi a kasuwar Shinkafi ya ce ka rubuta masa 'yar manhajar lissafin buhuna. Ka shigar da gero buhu 20, dawa buhu 30, sai allo ya nuna 2030. Kada ka zargi kwamfutar, abin da ka ce mata shi ta yi.

A Python 3, wanda ya fito a 2008, duk abin da `input()` ya karɓa rubutu ne, ko da lamba ka danna. Ita kuwa alamar + idan ta samu rubutu biyu, jona su take yi, ba ta tarawa. Maganin shi ne ka mayar da rubutun lamba tun daga bakin ƙofa: `gero = int(input())`.

To, ka gyara wannan, sai kawu ya rubuta kuɗi yadda kowa ya saba, 45,000, manhajar ta tsaya cak da saƙon ValueError. Waƙafin nan ne `int()` bai gane ba. Cire shi da `.replace(",", "")` kafin juyawa, ka kuma sa `try` da `except` domin ta sake tambaya maimakon ta mutu.

Na uku ya fi shafarmu, mu masu Hausa. Gwada adana sunayen garuruwa a fayil. Zurmi da Shinkafi za su shiga lafiya lau, amma a yawancin kwamfutoci masu Windows, da an zo kan Ƙaura sai UnicodeEncodeError. Dalili kuwa, tsohon tsarin haruffan da fayil ɗin ke buɗewa da shi na harsunan Yammacin Turai ne, babu ƙ, ɗ da ɓ a cikinsa. Ƙara `encoding="utf-8"` a cikin `open()`, wajen rubutawa da wajen karantawa duka.

Duk sanda ka rikice, fara karanta layin ƙarshe na saƙon kuskuren, sannan ka sa `print(repr(gero))`. Idan ka ga '20' cikin alamar zance, rubutu ne, ba lamba ba.

Kuma kada ka ji kunya. A watan Satumban 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter, saboda wata manhaja na fitar da alƙaluma da ma'aunin fam, wadda ke karɓa kuma tana ɗaukarsu a ma'aunin Newton. Don haka kafin ka miƙa wa kawu, gwada ta da lissafin da ka riga ka san amsarsa.