Gasar Cin Abinci ta Amurka da Teburin Mai Bi

Kowace shekara, ranar 4 ga Yuli, Amurkawa sukan yi bikin samun 'yancin kai. Cikin shagulgulan ranar akwai wata gasa da ake yi a Coney Island, a birnin New York, wadda kamfanin Nathan's yake shiryawa. Ana jera mutane a dogon tebur, a ba su minti 10, a ga wanda zai fi cin hotdog. Kada sunan ya ruɗe mu, ba naman kare ba ne. Niƙaƙƙen naman sa ne da ake ɗurawa ya yi tsawo, a dafa, a sa shi a tsakiyar burodi. Matasanmu da yawa sun ga bidiyon gasar a waya, shi ya sa ya dace mu duba ta da hasken Maganar Allah.

A shekarar 2001 wani ɗan Japan mai suna Takeru Kobayashi ya ci guda 50 cikin minti 12, wajen ninki biyu na abin da aka taɓa ci kafin shi. A 2021 Joey Chestnut ya ci 76 cikin minti 10. A ɓangaren mata, Miki Sudo ta ci 51 a 2024. Masu gasar sukan tsoma burodin a ruwa don ya wuce ba tare da tauna sosai ba, sukan kuma horar da cikinsu ya buɗe ta wurin shan ruwa mai yawa. Wanda ya yi amai ana cikin gasa, an fitar da shi. Gwani yakan sami ɗamara mai launin rawaya da dala 10,000. A 2024 Kobayashi ya bayyana cewa ya daina jin yunwa, har yakan kwana bai ci ba, bai kuma lura ba.

Ba mu kawo wannan labari don mu yi wa wata al'umma dariya ba. Littafi Mai Tsarki ma bai hana biki ba. Ubangiji Yesu ya halarci ɗaurin aure a Kana, ya kuma ci abinci a gidajen mutane. A Nehemiya 8:10 an umarci jama'a su je su ci mai daɗi, su sha zaƙi, amma su aika wa waɗanda ba su da komai nasu rabon. Nan ne bambancin yake. Allah ya ba mu abinci don ya kashe yunwa, mu karɓa da godiya, mu kuma ci tare da wasu. A gasar, an raba abinci da waɗannan abubuwa uku, abin da ya rage shi ne lissafi da tafi.

Nassi ya yi gargaɗi a kan irin wannan ci. Karin Magana 23:20-21 ta ja kunnenmu a kan tarayya da masu zarin ci, domin ƙarshensu talauci ne. A Farawa 25, Isuwa ya sayar da matsayinsa na ɗan fari saboda kwanon fate guda. Manzo Bulus, a Filibiyawa 3:19, ya yi maganar mutanen da suka mai da cikinsu abin bautarsu. A 1 Korintiyawa 6 kuwa ya tuna mana cewa jikin mai bi haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, ba namu ba ne da za mu yi abin da muka ga dama da shi.

To, 'yan'uwa, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ba mu da agogo da alƙalin gasa, amma mu duba yadda muke a bikin aure, a Kirsimeti, a ranar godiyar kaka. Sau nawa waɗanda suka zauna a gaba suke cika faranti biyu, su ƙulle na uku a leda, alhali shinkafa ta ƙare kafin ta kai ga yara da gwauraye da suke baya? Sau nawa iyali suke cin bashi don kada a ce girkinsu bai kai na maƙwabta ba, Janairu ta zo ba kuɗin makaranta? Wannan ma gasa ce. Ikilisiyar Korinti ta yi irin wannan, wani ya ƙoshi har ya bugu, wani yana jin yunwa, Bulus kuwa ya tsauta musu sosai a 1 Korintiyawa 11. Ezekiyel 16:49 ya lissafa ƙoshi da rashin kula da matalauta cikin zunuban Saduma.

Ubangijinmu ya bar mana gurbi a Yohanna 6. Ya ɗauki gurasa, ya yi godiya, aka rarraba, kowa ya ƙoshi, sa'an nan ya sa aka tattara ragowar har kwando 12 don kada komai ya lalace. Godiya, rabawa, da tattali. Wannan tsari za mu iya bi a gida da a majami'a. Masu shirya abincin taro su fara da yara, tsofaffi da baƙi. Zumuntar mata da matasa su ware rabon marasa lafiya da 'yan gudun hijira tun kafin a buɗe tukunya. Iyaye su koya wa yara ɗibar abin da za su iya cinyewa. Mu kuma riƙe azumi, domin yana koya wa ciki cewa ba shi ne maigida ba.

Kamun kai yana cikin albarkun Ruhu da aka lissafa a Galatiyawa 5, ba da ƙarfinmu kaɗai muke samunsa ba. Saboda haka mu roƙe shi a wurin Ubangiji. Kafin biki na gaba, kowannenmu ya tambayi kansa: wane ne a unguwarmu ba zai hura wuta a ranar ba, wa kuma zai kai masa?

Ubangiji ya ba mu zuciyar godiya da hannun bayarwa. Amin.