Hannu Ko Na'ura: Matsayin Mai Zane A Zamanin Kwamfuta

Tun asali, da hannu ake gane gwanin zane ko gwanin sassaƙa, wato yadda yake jan burushi ko yadda yake saran dutse. Shigowar kwamfuta wannan fage kuwa ta ta da wata tambaya mai nauyi: shin idan aiki ya kammala, na wane ne?

A watan Oktoba na 2018 ne kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da wani hoto mai suna Edmond de Belamy a birnin New York a kan dala 432,500. Babu hannun da ya zana shi. Wasu matasa uku ne a Faris suka ɗura wa kwamfuta tsofaffin hotunan fuskoki 15,000, ta nazarce su, sa'an nan ta fito da nata. A gurbin sa hannu sai aka buga ƙa'idar lissafin da na'urar ta yi aiki da ita.

A fannin sassaƙa lamarin ya fi sauƙin warwarewa. A garin Carrara na Italiya, inda Michelangelo ya riƙa zaɓen marmara, injuna ne yanzu ke sare dutse bisa siffar da mai sassaƙa ya tsara a kwamfuta, ma'aikata su ƙarasa da hannu. Wannan ba baƙon abu ba ne. Ai ko masallacin Juma'a na Zariya ana jingina shi ga Babban Gwani, alhali ba shi kaɗai ya ɗora kowane tubali ba. Injin Carrara ɗan aike ne kawai. Fasalin na ubangidansa ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne na'urar da ke ƙago fasalin da kanta. A 2022 Jason Allen ya ci gasar zanen kwamfuta a baje kolin jihar Colorado ta Amurka da hoton da manhajar Midjourney ta samar masa. Ya ce sau 624 yana gyara umarnin da ya ba ta. Duk da haka, a 2023 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi yi wa hoton rajista, domin a ganinsa umarni daban, zane daban. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai ta bar giɓi, tunda zaɓe ma gwaninta ne, kamar yadda mai ɗaukar hoto ya sani. A 2024 Allen ya kai ƙara kotu.