Yadda ake kawar da zarnin dabbobi a ɗaki

A gidajen Dogon Dutsi da Tibiri, awaki da kyanwoyi sukan faɗa ɗaki neman mafaka, musamman da damina. Zarnin fitsarinsu yana daɗewa ne saboda daɓe da siminti suna shanye shi, danshi kuma ya riƙa tayar da shi.

Hanzari ne magani. A zuba toka ko busasshen rairayi ya tsotse, a share, sannan a wanke simintin da sabulu. Daɓen da ya jiƙa sosai gara a kankare a sake yaɓe shi. Tabarma da katifa sai wanki da shanya a rana, don turaren wuta rufe wari kawai yake yi.

Kada a zuba ruwan jabel kan fitsari, haɗuwarsu tana fitar da iska mai cutar da huhu.