Motar Haɗa-da-Kanka: Yadda Ake Ƙera Mota a Garejin Gida

Idan ka taɓa ganin yadda ake sayen sassan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya a haɗa su a gida, to ka fahimci rabin wannan batu. A Ingila da Amurka akwai kamfanonin da ke sayar da mota a wargaje, a kawo maka ita cikin akwatuna, kai kuma ka ɗaure ta a garejinka. Ita ce Turawa ke kira kit car.

Daga ina abin ya samo asali?

A shekarar 1957 kamfanin Lotus na Colin Chapman ya fitar da wata ƙaramar mota mai suna Seven. A lokacin, wanda ya sayi mota a wargaje a Ingila ba ya biyan harajin saye da ake ɗora wa sabuwar mota, don haka mutane suka rungumi tsarin. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta, kuma har yau yana sayar da ita, a haɗe ko a wargaje. Samfurinsu Seven 170 nauyinsa kusan kilo 440 ne kacal, da ƙaramin injin Suzuki mai cc 660.

Hanyoyi biyu

Ta farko, ka sayi komai sabo: firam, bodi, inji, giya, birki da wayoyi. Nan aikinka ɗauri ne da bin littafin umarni. Ta biyu ta fi araha amma ta fi wuya: ka sayi firam da bodi kawai, sauran kayan ka ciro daga tsohuwar mota. A Ingila an daɗe ana amfani da Ford Sierra da Mazda MX-5 don wannan, a Amurka kuwa kamfanin Factory Five ya yi suna da motar da ake haɗawa da kayan Ford Mustang.

Yadda aikin ke tafiya

Ana fara ɗora firam a kan maƙallan ƙarfe, a saka ƙafafu da sitiyari da bututun birki da na mai. Sai inji da giya, sannan lagireto da wayoyi. Bodi da kujeru su ne ƙarshe. Kowane noti yana da ƙarfin ɗaurin da aka ƙayyade masa, shi ya sa sifana mai auna ƙarfin ɗauri ta zama dole. Notin birki ko na sitiyari da aka ɗaure da ƙiyasi kan iya kwancewa ana cikin gudu.

Inda manhaja ta shigo

Injin zamani ba ya tashi sai da ƙaramar kwamfuta da ke lissafa yawan man da za a fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Akwai irinta mai suna Speeduino, wadda aka gina a kan allon Arduino Mega, kuma lambobinta a buɗe suke ga kowa. Ana saita ta da manhajar TunerStudio a kwamfuta. Saiti mara kyau, musamman ƙarancin mai, yana iya ƙona injin gaba ɗaya.

Kafin ta hau titi

Gama ɗauri ba shi ne izinin tuƙi ba. A Birtaniya sai motar ta ci jarrabawar IVA, inda jami'ai ke duba birki, fitilu, bel, hayaƙi, ƙara, har da gefuna masu kaifi da za su iya yanka mai tafiya a ƙasa. Idan ta faɗi, sai a gyara a sake kai ta.

Mai sha'awar shigo da irinta Najeriya ya lura: yawancin na Ingila sitiyarinsu a dama yake, kuma doka ta hana irin waɗannan a titunanmu. Sai a nemi mai sitiyari a hagu tun wajen oda.