Wankan aro: yadda sana'ar hayar kayan biki ke tafiya a Zariya

Kun taɓa ganin bidiyon waƙa, jaruma ta sauya riga sau huɗu cikin minti biyar, kuka ce lallai akwai kuɗi a nan? To ba duka ne nata ba. Yawancin alkyabbar da rigar amaryar da kuke gani a bidiyo da hotunan kafin aure, haya ce. Kwana ɗaya ko biyu, ta koma shago.

A Samaru, jami'a ce ke riƙe da wannan sana'a. Tun da aka buɗe ABU a 1962 garin ke cin abinci da ɗalibai, kuma ɗalibi ba zai sayi kwat saboda dina ɗaya ta kammala karatu ba. Shi ya sa da yawa daga masu harkar da kaɗan suke farawa: kwat uku ko huɗu daga 'yan gwanjon kasuwar Sabon Gari, a wanke, a goge, a ɗora hoto a WhatsApp. In Allah ya sa albarka, sai a kama shago, a shigo da kayan amare, inda ribar gaske take.

Amma fa ribar na da sharaɗi. Riga sai ta fita haya sau da dama kafin ta mayar da kuɗinta, ga wanki, ga gyaran duwatsun da suka zube a filin rawa. Jan baki ko turare ya ɓata wuyan farar riga, shi ke nan, asara. Dole mai shago ya karɓi kuɗin ajiya da katin shaida, don akwai wanda zai tafi da kaya ya kashe waya.

Babban abokin gabarsu kuwa mu ne, 'yan kallo. Sabon shiri ya fito a YouTube, amarya ta ga ɗinkin jaruma, ta ce ita wannan take so. Rigar bara, ko da ƙalau take, ta zama tsohon yayi.

Sai kuma yajin aiki. Na ASUU a 2022 ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ba ɗalibai, ba dina, kwat na rataye suna shan ƙura. Masu shago a Sabon Gari sun fi samun sauƙi, don su bukukuwan aure ke ciyar da su, musamman gab da azumi da bayan Sallah.