Tafiyar Ƙasa Mai Farawa Daga Ruwa: Hanyar Greenstone a Tsibirin Isle Royale

Tsibirin Isle Royale yana cikin Tafkin Superior, ƙarƙashin jihar Mishigan ta Amurka, ko da yake ya fi kusa da gaɓar Kanada. Babu gadar da ta haɗa shi da tudu, babu kuma titin mota a cikinsa. Hanyar ƙafa ta Greenstone, mai tsawon kimanin kilomita 64, ta bi doron tsaunin da ya ratsa tsibirin, daga yankin Rock Harbor a gabas zuwa Windigo a yamma, ta kan Dutsen Desor, wuri mafi tsayi a tsibirin, mai mita 425. Matafiya kan cinye ta cikin kwana huɗu ko biyar, kowa da guzurinsa da tantinsa a baya.

Sai dai wahalar farko ba ta ƙafa ba ce. Daga mashiga uku jiragen ruwa ke tashi. Ranger III, mallakar hukumar gandun dajin, yakan tashi daga Houghton sau biyu a mako, ya yi awa shida kafin ya isa Rock Harbor. Isle Royale Queen IV yana tashi daga Copper Harbor, tafiyarsa awa uku da ɗoriya. Voyageur II kuwa daga Grand Portage ta jihar Minesota yake fitowa, ya kai Windigo cikin awa biyu.

A nan ne lissafi kan ƙwace wa baƙo. Wanda ya ajiye motarsa a Houghton, ya sauka a Rock Harbor, ya taka har Windigo, zai tarar cewa jiragen wannan ɓangaren Minesota suke nufa, alhali tsakanin Grand Portage da Houghton ɗaruruwan kilomita ne ta titi. Voyageur II ne ke warware wannan ƙulli, domin kewaya tsibirin yake yi: ya bi gaɓar arewa, ya kwana a Rock Harbor, washegari ya dawo ta kudu, yana sauke mutane da wasiƙu a ƙananan matsayai. Da shi matafiyi zai koma inda ya fara. Saboda haka, a ganina, kuskure ne mutum ya fara tsara zango-zangonsa sannan ya nemi jirgi. Jadawalin jirgi ake fara dubawa, a kama kujera tun da wuri, sannan a raba kwanakin tafiya a tsakanin ranar sauka da ranar ɗauka.

Tafkin ma yana da nasa hukunci. Ruwansa sanyi ƙarara ko da bazara, hazo da igiyar ruwa kuma kan jinkirta jirgi ko su hana shi tashi, shi ya sa masu hankali ke ƙara abincin kwana guda a jaka. Akwai ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, amma shi ma hazo kan tsare shi.

Daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu gandun a rufe yake ruf, jiragen fasinja kuma daga wajen Mayu zuwa ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba kawai suke zirga-zirga.